Tsutsa a Kabejin Ba-Birki

Shekara talatin da takwas ya yi yana jan babbar mota, kuma a tsawon shekarun nan babu abokin aikin da zai ce ya taɓa ganinsa ya shanye kofin shayi a zaune. A tsaye yake sha, ƙafa ɗaya a kan matakalar mota, ido a kan agogo. Shi ya sa direbobi suka laƙa masa Ba-Birki. Sunan ya bi shi har gida. Matarsa ma, wadda jikoki ke kira Inna, idan ya ishe ta da shi take kiransa.

Ido ne ya sauke shi daga mota. Yanar ido ta fara rufe masa na hagu, na daman ma ya soma hazo. Ranar da kamfani ya tura direbobi gwaji, ya karanta layi biyu na saman allo, a na uku ya shiga canki-canka. Aka karɓi makulli, aka yi masa godiya, aka ba shi agogon bango. Da ya dawo gida sai ya ce bayansa ne ya gaji da zama. Inna ta dube shi, ta dubi agogon, ta ce, "To, sannu da hutawa."

Ai kuwa babu wanda ya huta a gidan nan. Satin farko ya kwance fankar falo don ya ji tana ƙara, ya mayar, ƙusoshi uku suka yi saura. Sati na biyu ya canza wa kujeru wuri sau huɗu, har Inna ta zo zama inda ta saba ta kusa kai wa ƙasa. Ya gyara famfon da lafiyarsa ƙalau, ya fara yoyo. Ya fita bakin titi, ya dawo, ya kunna rediyo, ya kashe, ya leƙa kicin ya buɗe tukunya ya rufe.

"Malam," in ji Inna wata safiya, tana shafa man zafi a gwiwarta, "don girman Allah ka koma bayan gida. Akwai tarkace can da suka shekara goma suna jiranka. Ka ƙyale mini fanka."

Bayan gidan ɗan fili ne, bai fi taku goma sha biyu ba a tsaye, takwas a kwance. Tsofaffin tayoyi, karyayyar ƙofa, gwangwanayen fenti da suka bushe, da wani keke marar ƙafa. Kwana uku ya kwashe su. Da ƙasa ta fito, baƙa wuluk a ƙarƙashin tarkacen, sai ya tsaya yana kallonta, hannu a ƙugu. Kashegari ya sayo fartanya da iri. Ya ja fangali huɗu, ya cika tayoyin da ƙasa da taki, ya shuka tumatir, albasa, alayyafo, karas, tattasai, da kabeji layi biyu. Kwana huɗu da shuka Inna ta kama shi yana tone irin karas da ɗan yatsa wai yana duba ko ya tsira.

Jikokin uku ne, 'ya'yan ɗansu na fari, wanda aikin hanya ya kai wani gari mai nisa. Uwarsu tana ɗinki a wani kamfani, sai yamma liƙis take tashi, don haka daga makaranta gidan kakanni suke wucewa. Babbar, mai shekara goma sha ɗaya, Shugaba ake ce mata, don ko wasa ake ita ke raba aiki. Mai bi mata namiji ne, ɗan shekara takwas, kakansa ya sa masa Me-Ya-Sa, don bai taɓa barin magana ta wuce ba tare da ya tare ta da tambaya ba. Sai Auta, 'yar shekara huɗu, wadda duk abin da hannunta ya kai bakinta ne masaukinsa.

Su ukun babu mai cin ganye. Idan Inna ta zuba musu abinci, sai ka ga bakin faranti ya cika da albasa da karas da aka tsince ɗaya bayan ɗaya. Da gwiwar Inna ta matsa mata har tsayuwar kicin ta gagare ta, Ba-Birki ya naɗe hannun riga ya ce shi zai yi.

"Kaka, ka iya girki?" in ji Me-Ya-Sa.

"Kai, tafi can. Kafin a haifi ubanka ina dafa taliya a gefen titi, a kan risho, iska tana kaɗawa, kuma mutum shida su ci su lashe hannu."

"Me ya sa a gefen titi?"

"Don motar ba ta da kicin. Ɗauko mini bokiti."

Girkinsa irin na hanya ne, tukunya ɗaya, wuta sosai, babu jira. Amma bai iya aiki shi kaɗai a kalle shi ba, dole kowa ya motsa. Ya tura su lambu, kowa ya yanko abin da za a sa. Shugaba ya ba ta ƙaramar wuƙa, ya nuna mata yadda ake lanƙwashe yatsu a ɓoye farce kafin a yanka albasa. Me-Ya-Sa ya zama mai fasa ƙwai, kuma a uku na farko biyu sun sauka a ƙasa. Auta aka ɗora ta a kan kujera gaban roba, tana wanke alayyafo, rabin ruwan yana kan rigarta. Shi kuma yana tsakiya da ludayi, yana juya nan, yana leƙa can, yana ba da umarni uku a numfashi ɗaya.

"Gishiri! Ba wannan ba, wancan sukari ne. Ke Shugaba, ƙanana, ba katako kike sara ba. Auta, fito da shi daga bakinki. Kai, rage wutar. A'a, ƙara."

Inna tana falo, ƙafa a miƙe, tana jiyo su tana girgiza kai. Amma da aka kawo taliyar, jajir da tumatir, ga alayyafo ga ƙwai, sai ta ga abin mamaki. Babu wanda ya tsince komai. Me-Ya-Sa yana ɗaga ganye da cokali yana cewa wannan shi ya tsinko shi, ya gane shi. Auta ta cinye nata ta miƙa hannu farantin yayarta.

Haka aka yi wajen wata biyu. Kullum da rana kicin ya kacame, ƙasa ta jiƙe, ɓawon ƙwai a ko'ina. Sun yi shinkafa da karas, sun soya dankali da albasa, sun ƙona tukunya ɗaya har lahira. Kabejin kuwa ba a taɓa shi ba, ana jira ya naɗe. Safe da yamma Ba-Birki sai ya matsa kawunan da babban yatsa ya ji ko sun yi tauri.

Me-Ya-Sa ne ya fara gani. "Kaka, me ya sa kabejinka yake da tagogi?"

Ya duƙa, ya kawo fuskarsa dab da ganyen. Huji ne, ba ɗaya ba, ba goma ba. Yaron ya juya ganyen, ga su nan kwance, koraye shar, launinsu ɗaya da ganyen, suna ci hankali kwance. A sama kuma wasu fararen malam-buɗe-littafi suna ta shawagi kamar gonar ubansu. Da aka duba tattasai, ƙasan ganyensa ya yi baƙi da ƙananan ƙwari, yana danƙo a hannu.

Ranar bai ci abincin kirki ba. Ya fita lambu ya dawo ya fi sau ashirin. Maƙwabcinsu, tsohon malamin lissafi mai kiwon kaji, wanda kafin ya gama gaisuwa an sha ruwa an ƙoshi, ya leƙo ta kan katanga.

"Abin ba wuya," in ji shi, a hankali. "Da sassafe ka bi ganye ɗaya-ɗaya ka tsince. Ƙananan ƙwarin kuma ruwan sabulu kaɗan. Sai ka samo raga ka rufe. Cikin sati biyu, uku..."

"Sati uku! Malam, kafin sati uku ai sun cinye har tayoyin."

Bai gaya masa gaskiyar ba. Tsutsar da yaro ya gani daga tsaye, shi sai da hancinsa ya kusa taɓa ganye.

Washegari ya tafi shagon kayan noma. Mai shagon ya miƙo masa wata ƙaramar kwalba ta maganin ƙwari, ya fara bayani: awo kaza a bokiti, a rufe hanci, kada a ci komai sai bayan kwana kaza. Ba-Birki yana "to, to, to," ƙafarsa ɗaya tana waje. A gida ya ɗaga kwalbar a rana, ya nisanta ta, ya kusanto da ita. Rubutun kamar jerin tururuwa. Da ya jira Shugaba ta dawo da ta karanta masa cikin minti ɗaya, amma sai ta tambayi dalili, kuma ƙanenta yana nan. Ya tuna kamar mai shagon ya ce murfi ɗaya. Ya dubi hujin kabejin, ransa ya ɓaci, ya zuba uku. Ya feshe kabeji, ya feshe tattasai, ragowar ya juye wa tumatir don kada su ma a zo musu. Ya wanke hannu, ya ɗora kwalbar a kan katanga. Inna tana barcin hantsi, bai tashe ta ba. Ya ce a ransa idan yaran sun zo zai gaya musu kada kowa ya shiga lambu.

Da suka zo, Me-Ya-Sa ya shigo da gwiwa a fashe, ya faɗi a hanya. Aka shiga neman auduga da ruwan ɗumi, ana lallashi, ana faɗa. Daga nan aka wuce kicin a makare, mai ya yi zafi, albasa tana neman ƙonewa. Maganar lambu ta fice masa fit.

Yana cikin juya tukunya ya ji an ja masa wando. Auta ce, kumatu a cike, 'ya'yan tumatir a haɓarta, ta miƙo masa wani jan tumatir a tafin hannu.

"Kaka, na kawo maka. Ɗaci gare shi."

Ludayin ya faɗi. Ya durƙusa ya shinshina hannunta. Warin maganin nan ne.

"Nawa kika ci? Auta, nawa?"

Ta ɗaga yatsu uku, ta sake tunani, ta ɗaga biyar. Ganin fuskarsa sai ta fashe da kuka. Ya sa yatsa ya kwashe abin da ke bakinta, ya wanke mata baki da hannu a famfo. Ya ƙwala wa Shugaba kira ta ɗauko kwalbar da ke kan katanga.

"Karanta mini. Abin da aka rubuta a baya, karanta!"

Yarinyar ta karanta. Rabin murfi a bokiti. Kada a ci amfanin gona sai bayan kwana goma sha huɗu. Idan an haɗiya kada a sa mutum amai, a kai shi asibiti tare da kwalbar. Ta ɗago ta dube shi. "Kaka, kai ba ka karanta ba?"

Ya saɓi Auta a kafaɗa ya yi waje, babu takalmi. Inna tana bayansa tana ɗingishi tana salati. Ya buga ƙofar malamin lissafi kamar zai ɓalle ta. Malamin ya fito, ya ji abin da ya faru, ya zaro makullin ƙaramar motarsa ya miƙa masa.

"Karɓi, kai ne direba. Ka fi ni sauri."

Makullin ya taɓa tafin hannunsa. Rabonsa da sitiyari wata bakwai. Ya san hanyar asibitin, ya san inda zai yanke, minti shida ya ishe shi. Ya dubi titi. Yara 'yan makaranta suna ta tsallakawa, shi kuwa inuwa-inuwa yake ganinsu.

"Malam, ja mu," ya ce. "Ba na gani. Idona ne, ba baya ba. Ja mu."

Malamin ya shiga ya tayar. Tuƙinsa kamar gaisuwarsa. Ba-Birki yana baya, Auta a cinyarsa, Shugaba a gefe riƙe da kwalba, ƙafarsa ta dama tana ta danna ƙasan mota. A hanya yarinyar ta yi amai da kanta a kan rigarsa. Yana kiran sunanta, yana ce mata ta buɗe ido, ita kuma tana ce masa ai a buɗe yake.

A asibiti wata nas ta karɓe ta, ta karɓi kwalbar, ta tambayi awa nawa da feshin, guda nawa ta ci. Likita ya duba ƙwayar idonta, ya saurari ƙirjinta, ya ce da alama abin da ya shiga cikinta kaɗan ne, amma za su riƙe ta su ga yadda za ta yi zuwa yamma. Ba-Birki ya auna barandar asibitin nan da ƙafa ya fi sau ɗari. Ƙasan siminti da zafi, sai a lokacin ya lura ba shi da takalmi.

Surukarsa, uwar yaran, ta iso da zare a jikin mayafinta, ko jakarta ba ta ɗauko ba. Ta wuce ciki. Ta daɗe. Da ta fito, ta zo gabansa ta rusuna kamar yadda ta saba.

"Baba, sannunku. An ce da sauƙi. Tana neman biskit ma."

Da ta ɗaga murya, da ta yi masa kallon banza, da ya san yadda zai yi. Amma ta sunkuyar da kai, ta ce bari ta koma wurinta. Kafin magariba aka sallame su, ta tafi da 'ya'yanta uku gida.

Washegari da rana yara ba su zo ba. Jibi ma haka. Inna ta kira waya, surukar ta gaishe ta da ladabi, ta ce Auta ta warware sarai, ta ce wata maƙwabciyarta ce ke riƙe su kwana biyu, kada a wahalar da gwiwar Inna.

Kabejin ya ƙone, ganyen ya yi ruwan ƙasa ya naɗe kamar an babbaka. Ba-Birki ya tuge shi duka, ya tuge tumatir da tattasai, har alayyafon da feshin bai kai ba. Ya kankare ƙasar sama ya zuba a buhu ya fitar. Ya mayar wa mai shago kwalbarsa ya ce ya san yadda zai yi da ita. Da aikin ya ƙare sai ya rasa inda zai sa kansa. Ƙarfe biyu na rana ya fita ƙofar gida, ya dubi kwanar da yaran ke ɓullowa, ya koma. Ya ɗora tukunya, ya dafa abin da mutum biyar za su ci, su biyu suka zauna a gabansa. Ya ɗauki waya zai kira ɗansa, ya ajiye. Ya je har bakin layin su surukar sau biyu, ya juyo.

Rana ta tara Inna ta ce, "Malam, ka cinye mini tabarma da sintiri. Ba waya za ka yi ba, ba aike za ka yi ba. Ka sa takalmi ka je."

"Ni in je in ce mata me? Sa'ar 'yar cikina ce fa."

"Abin da ka gaya wa malamin lissafi a bakin ƙofa. Ai na ji. Na ma riga ka sani, tun ranar da ka zuba mini sukari a miya."

Ya same ta da yamma ta dawo daga aiki, tana kwashe shanya. Ta rikice, ta shimfiɗa masa darduma, ta kawo ruwa. Yaran suka yo kansa, Auta ta haye cinyarsa tana laluben aljihu. Uwar ta kora su ɗaki. Ya zauna, kuma ya zauna ɗin, hannuwansa a kan gwiwa.

"Laifina ne," ya ce. "Ban iya karanta kwalbar ba, girman kai ya hana ni tambaya. Na zuba fiye da ƙima, kuma na manta ban faɗa ba. Da wani abu ya sami yarinyar nan, ban san da wane ido zan dube ki ba. Ki yafe mini."

"Haba Baba, ku daina. Wallahi ba fushi nake ba." Ta shiga murza bakin mayafi. "Tsoro ne. Ina kan keke ina ɗinki, sai in ga fuskarta, allura ta kusa shiga hannuna. Ban san yadda zan gaya muku ba."

"Gaya mini yanzu."

Ta ɗan ɗago. Ta ce abu biyu take roƙo. Kada a sake shigo da maganin feshi gidan muddin yara suna zuwa. Na biyu kuma, ya yarda ta raka shi asibitin ido, don ta ji ana cire yanar nan, aikin ba ya daɗewa.

"Na farko na ɗauka," ya ce. "Na biyun, wuƙa fa za su sa mini a ido."

"Kaka tsoro yake ji!" in ji Me-Ya-Sa daga bayan labule.

"Kai, wa ya sa da kai? Fito nan in ga mai bakin."

Ranar Litinin yaran suka dawo. Aka sake shuka daga farko, kuma wannan karon malamin lissafi ya samu mai sauraro, ko da yake a tsaye ake sauraronsa. Inna ta ba da tsohon gidan sauro da labulen falo da ya koɗe. Ba-Birki ya lanƙwasa ƙarafa ya kafa a kan fangalin kabeji, suka lulluɓe, suka danne gefe da duwatsu don kada malam-buɗe-littafi ya samu wurin yin ƙwai. Shugaba ta zama mai awo: ɗan sabulu kaɗan a gorar ruwa, ta rubuta a jikin gorar da manyan haruffan da kakanta zai iya gani, a fesa wa ƙasan ganyen tattasai da yamma idan rana ta yi sanyi. Aka barbaɗa toka a gindin tumatir. Aka kafa doka, kuma Auta ce ke maimaita ta da ƙarfi: ba a cin komai sai an wanke, sai an nuna wa babba.

Tsincen tsutsa ya zama aikin kowace rana kafin a shiga kicin. Kowa da gwangwaninsa. Yaran suna gani, shi yana riƙe raga yana azalzala. Wanda ya fi tarawa shi zai fasa ƙwai. Abin da aka tara a miƙa ta kan katanga, kajin malam su yi biki, har suka gane muryar Me-Ya-Sa, da sun ji shi sai su taru a gindin bango.

Ba a ci nasara duka ba. Iska ta yage ragar sau biyu. Dodon koɗi ya shigo bayan ruwan sama ya aske alayyafo layi guda, sai da suka kifa ɓawon kankana suna kwashe waɗanda suka taru a ƙarƙashinsa da safe. Ɓera ya ɗanɗana tumatir huɗu, kowanne cizo ɗaya, abin da ya fi ƙona wa Ba-Birki rai ke nan, ya ce ko ɓarawo ne ai ya cinye ɗaya ya bar uku. A kabeji goma sha biyu, bakwai suka naɗe. A tsakanin nan aka yi masa aikin idon hagu. Likita ya ce sati biyu ba duƙawa, ba ƙura, ba hayaƙi. Inna ta ce a rayuwarta ba ta ga sati biyu masu tsawon waɗannan ba. Daga kan kujera a bakin ƙofar kicin ya riƙa ba da umarni, bandeji a ido, Shugaba tana riƙe da ludayi tana ce masa, "Kaka, mun sani."

Ranar da aka yanke kabejin farko surukar ta nemi izini ta taso da wuri. Suka yanka shi siriri, suka soya da albasa da karas da ƙwai, aka zuba a kan shinkafa. Tun wajen ɓare shi, a ganye na uku, Shugaba ta ci karo da tsutsa guda, ƙatuwa, ta yi ƙiba. Me-Ya-Sa ya yi wuf ya ɗauke ta kafin kakansa ya kai hannu.

"Wannan tawa ce. Ba za a ba kaji ba."

"Me za ka yi da ita?"

"Malaminmu ya ce ita ce take zama malam-buɗe-littafi. Ina so in gani."

"A gidana? In ciyar da ita da kabejina, ta yi fiffike ta dawo ta haifa mini dubu?"

Inna ta sa baki, uwar yaran tana dariya a cikin mayafi, aka kayar da shi. Aka sa ta a wata kwalba da aka huda wa murfi, aka ajiye a tagar kicin. Shi da ya fi kowa faɗa, shi ya fi kowa leƙawa, da sabon idonsa, yana cewa yana duba ne kada ta gudu. Ta ci, ta ci, ta daina ci, ta manne a jikin murfi ta ƙame. Kwana goma sha ɗaya babu motsi. Ya ce ta mutu a zubar. Ran sha biyu da rana yara suka shigo suka tarar da farin abu yana buɗe fiffike yana rufewa a cikin kwalba.

Ba-Birki ya ce ba za a sake ta a unguwar nan ba. Suka fita su huɗu, shi a gaba da kwalba, Auta a hannun Shugaba. Suka wuce shagon mai gyaran waya, suka wuce makaranta, suka tsallaka babban titi. Duk inda yaran suka ce nan ya isa, sai ya ce a ƙara gaba. Sai da suka kai wani fili bayan gidan mai, inda ciyawa ta yi tsawo, sannan ya miƙa wa Me-Ya-Sa kwalbar.

Yaron ya buɗe murfin. Ta fito ta tsaya a bakin kwalba, ta tashi sama, ta yi kewaye biyu a kan ciyawar. Sannan ta juya, ta tsallake titin, ta miƙe sak ta hanyar da suka fito.

"Kaka," in ji Auta, "gida za ta."

"Wa ya rufe raga da muka fito?" in ji Ba-Birki.

Shugaba ta dubi Me-Ya-Sa. Me-Ya-Sa ya dubi kwalba.

Ba-Birki ya sunkuci Auta ya ɗora a wuya. "Ku ɗaga ƙafa," ya ce. "Ku riƙe hannun juna a titi. Ku ɗaga ƙafa, na ce!"